Rassa Biyar a Cikin Jiƙaƙƙen Tsumma

Zuwa ga ɗana Iliya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙonsa ya tsare motar da ka shiga tun daga tashar Dogon Dutsi har Maraɗi, ya tsare direbanku daga gyangyaɗi da gaggawa, ya sauke ka ƙofar makarantar Littafi Mai Tsarki da ƙafafunka biyu. Innarka tana gaishe ka. Ta ce damben zogalen da ta ƙulla maka na ci ne, ba na rabawa fasinja ba.

Ka yi haƙuri da rubutun. Safiya huɗu na yi ina fama da shi, don hannun nan nawa ya daina riƙe alƙalami yadda ya kamata, kuma da rana ta ɗaga sai rawarsa ta ƙaru. Na zaɓi takarda ne domin duk lokacin da na buɗe baki a gabanka sai mu koma gardama, kai da wayarka, ni da furfurata, kuma kai ke cin nasara, don ka fi ni saurin buɗe aya. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta.

Kafin ka ci gaba, sa hannu a aljihun gefen jakarka. Za ka ji tsumma jiƙaƙƙe cikin leda. Kada ka kwance shi a mota, kada kuma ka bar jakar a rana. Rassa biyar ne na tsohon mangwaron garkarmu, wanda kakanka ya aura da hannunsa, wato ya ɗora reshe mai kyau a kan gindin wani icce har suka haɗe. Tsutsa ta gama cin cikin iccen, ba zai ga wata damina ba, kuma waɗannan su kaɗai suka rage masu lafiya. Da safen nan na yanke su. Kwana uku gare su, in an yi sa'a huɗu. In ba a aura su a jikin wani ɗan mangwaro ba a cikin kwanakin nan, irin ya ƙare ke nan a duniya.

Na san abin da za ka ce, don ka riga ka faɗa mini ranar Lahadi, da na roƙe ka ka yi wannan aikin kafin ka tafi. Ko ɗaga kai daga wayar ba ka yi ba. Ka ce, "Baba, mi za a yi da mangwaro yanzu? Ba ka ganin abin da ke hwaruwa Isra'ila? Icce sai ya shekara biyar kahin shi yi ɗiya, mu ko ba mu da shekara biyar." Na juya na fita, ka ɗauka ka ci gardamar ne. A'a. Gabana ne ya faɗi, don maganata ce na ji tana fitowa daga bakinka, da kalmominta da izgilinta, maganar da na yi tun ba a haife ka ba. Mun ɓoye maka abubuwa da yawa, ni da Innarka, don kada ka raina ubanka. Yau gara ka raina ni da ka zama ni.

Ka san gidan da na fito. Kakanka mutumin gargajiya ne, har ya mutu bai daina zuba wa doguwa, aljanar gidanmu, fura a gindin tsamiya ba. Mu biyu ya haifa maza. Ƙanena, Baffanka Nomau, ya musulunta, ni kuma na karɓi Almasihu. Tsohon bai zagi kowa a cikinmu ba, abin da ya dame shi kawai shi ne wa zai riƙe garka. Ni ya koya wa auren icce, don ni ke da hannun. Daga Tibiri har Matankari ana aiko mini in je in aura mangwaro da lemu, kuma da wuya nawa ya ƙi kamawa.

Ana saura 'yan shekaru a shiga shekara ta dubu biyu, wani mai wa'azi ya ƙetaro daga Najeriya ya yi mana kwana bakwai a majami'a. Ya zo da wani dogon ƙyalle da aka zana, ya ɗaura shi daga wannan bango zuwa wancan. A jikinsa akwai tarihin duniya duka, daga Adamu har kursiyin shari'a, da layuka da kibau da dabbobi masu ƙaho. Ya nuna mana da sanda inda Yahudawa suka warwatse, da inda suka komo ƙasarsu. Ya ce komowar nan ita ce tohon ɓauren da Ubangiji ya yi misali da shi, kuma tsarar da ta ga tohon ba za ta shuɗe ba. Sai ya ɗora sandar dab da ƙarshen ƙyallen ya ce ga inda muke tsaye. Abin da ya rage bai kai taƙi ɗaya ba.

Iliya, ban taɓa jin daɗi irin na makon nan ba. Ni da nake ɗan tsiraru a garinmu, wanda ake wa kallon ɓatacce a kasuwa, ga shi an ba ni sirrin da ko sarki bai sani ba. Mutumin ya naɗe ƙyallensa ya tafi, bai faɗi rana ba, gaskiya ba zan yi masa ƙarya ba. Ni ne na zauna da littafin rubutu na yi ta lissafi har na fitar da shekara. Wurin da Ubangiji ya ce ba wanda ya san ranar, na karanta shi fiye da sau ɗari, kuma kullum sai in ce ai ranar ya ce, bai ce shekara ba. Kuskurena na farko ke nan. In ka ga kanka kana nema wa aya ƙofar baya don ta bar ka ka wuce, ka tsaya, ba Ruhu ne ke ja maka gora ba. A makarantar da za ka, za su koya maka abubuwan da ban sani ba, amma duk malamin da ya sa ka ji ka fi sauran mutane don ka san lokaci, ka gaishe shi da ladabi ka koma kujerar baya.

Na ajiye askar auren icce. Masu garka suka yi ta aike, ina mayar musu da cewa ba na aikin banza. Sai na kira Nomau bakin rijiyar garka na ce na bar masa rabona. Da na tsaya nan da sauƙi. Amma sai da na ƙara da cewa, "Mu Yesu za shi hyauce mu zuwa sama. Ku da za a bari, ku ci." Da bakina na faɗa wa ɗan'uwana haka, nono ɗaya muka sha. Ya ajiye guga ya ce, "To, Yaya. Mu dai malamanmu sun ce ko tashin duniya ya iske ka da dashe ga hannu, ka dasa shi. Ni aje maka, ko da tahiyar ba ta yiwu ba." Na yi dariya na tafi. Har na ba da labarin a majami'a don a ga makantar waɗanda ba su da haske.

Kuskurena na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne dalilin da ya sa Innarka ba ta zama in ana wa'azin ƙarshen zamani. Yayanka Daniyel yana ajin ƙarshe na lakwal, makarantar boko, a lokacin, shekarar jarrabawa. Yaro ne mai kai. Mushensu, malamin ajinsu, ya tako har gida sau biyu, ya ce in na bar yaron zai kai kwalejin Dutsi har ya wuce. Na ce masa wace kwaleji, ana maganar busa ƙaho? Na cire yaron don ya riƙa bi na ƙauyuka yana riƙe mini ƙyallen da na sa aka zana mini irin na baƙon. Ranar da na karɓe masa jakar lakwal bai yi kuka ba. Ya tambaye ni kawai, "Baba, in Yesu bai zo bana ba, ina komawa baɗi?" Na ce kada in ƙara jin wannan maganar rashin bangaskiya.

Shekarar ta zo ta wuce. Gero ya nuna, aka yi girbi, aka ɗaura aure a gidaje, awaki suka haihu. Na ce kuskuren lissafi ne na ƙara shekara ɗaya, sannan na ƙara uku. Kafin in haƙura, Daniyel ya yi gemu, sa'o'insa sun zama malaman lakwal da ma'aikatan likita, shi kuwa ba takarda, ba garka, ba sana'a, don ko auren iccen ban koya masa ba. Kana yaro lokacin da ya tafi haƙar zinariya can arewa bayan Agadas. An gaya maka neman arziki ya tafi. Gaskiya ne, amma ba a gaya maka abin da ya ce mini a tasha ba. Ya ce, "Baba, kai ka ce duniya ƙarewa za ta yi. Tawa dai ta ƙare." Shekara biyu yana kira, daga nan lambar ta daina shiga. Har yau Innarka ba ta yarda a goge ta daga waya ba. Ban san ko yana raye ba, kuma ba na jin zan sani kafin in mutu.

Don haka ka ji ni da kyau. In za ka yi caca da zuwan Ubangiji, ka yi da ranka kai kaɗai, kada ka sa na wani. Wata rana za su ba ka ikkilisiya, talakawa masu gona ɗaya da yara bakwai, waɗanda za su ɗauki maganarka kamar daga sama ta sauko. Kada ka hana kowa shuka, kada ka hana kowa aure, kada ka sa a cire ɗan kowa daga lakwal. Kai za a canza maka gari in abin ya ƙi, su kuwa nan za su zauna da abin da ka bar musu.

Na uku ya shafi Isra'ila kanta, kuma a nan ne nake ganinka sosai a cikina. Ina da 'yar rediyo a lokacin, kullum tana kunnena. Na ce ina ƙaunar Isra'ila, har addu'a nake musu da ƙarfi a majami'a. Amma ba mutane nake ƙauna ba, agogo nake dubawa. In aka ce an yi sulhu a can sai raina ya ɓaci, in aka ce faɗa ya tashi sai in ji ƙarfi. Wata rana da hantsi aka ba da labarin tashin bam da ramuwar da ta biyo baya, na daka tsalle na ce, "Alhamdu, alama ta cika!" Innarka tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta ce, "Malam, mutane na hwa anka kashe. Da ɗiyan Yahudawa da ɗiyan Larabawa, duk uwaye gare su. Mi ag abin murna?" Na ce mata mace ba ta gane annabci. Makon jiya na ga fuskarka kana kallon gidajen da suka rushe a waya kana kiran abokinka ya zo ya gani, kuma na gane hasken da ke idonka. Ubangijin da muke jira ya tsaya ya dubi Urushalima ya yi kuka, alhali ya san abin da zai same ta fiye da kowane mai ƙyalle. In labarin mutuwar mutane ya fara yi maka daɗi don ya dace da lissafinka, ka kashe wayar ka je ka nemi gafara.

Da lissafina ya rushe, ban koyi tawali'u ba, sai na juya ɗaya gefen. Na kama wata koyarwa da ke cewa Allah ya gama da Yahudawa, ya yar da su, mu Al'ummai, waɗanda ba Yahudawa ba, mun gaje gurbinsu da alkawaransu duka. Ta yi mini daɗi, don tana ba ni wanda zan ɗora wa haushina. Dā na mai da su agogo, yanzu na mai da su juji, kuma ko Bayahude ɗaya ban taɓa gani da idona ba.

Abin da ya karya ni ba malami ba ne, sana'ata ce. Wata rana ina karanta inda manzo Bulus ya kwatanta Isra'ila da iccen zaitun na gida, mu Al'ummai kuma da rassan zaitun na jeji da aka aura a jikinsa. Na sha karanta wurin, amma ranar ne na karanta shi da idon mai aska. Sai na ga ai aikin a juye yake. Kai ma ka sani, mu reshe mai kyau muke ɗaukowa mu ɗora a kan gindin banza, irin mai zaren nan da ke tsirowa daga ƙwallon da yara suka yar. Ba mai garkar da zai tsaga icce mai daraja ya cusa masa reshen jeji, in ka ga mai yin haka sai ka ce ya taɓu. To haka Allah ya yi da mu. Ni, ɗan mai zuba wa doguwa fura, aka tsaga icce mai tsarki aka sa ni, ba don ina da wani zaƙi ba. Gindin ne ke ɗauke da ni, ba ni ke ɗauke da shi ba. Manzon ya ce kada reshen da aka aura ya yi wa waɗanda aka sare fahariya, don wanda ya sare su yana da ikon mayar da su, kuma yana da ikon sare mai fahariyar. Ya ce akwai asiri a cikin yadda za a cika Al'ummai a kuma ceci Isra'ila. Asiri ya kira shi, kuma da ya kai ƙarshen maganar bai zana ƙyalle ba, sujada ya yi.

Iyakar abin da na sani ke nan a kan Isra'ila da Al'ummai bayan duk shekarun nan. Allah bai yar da su ba, mu kuma da jinƙai muka shigo, kuma yadda zai ƙulla ƙarshen abin nasa ne. Zai dawo, wannan ban taɓa shakka ba, har yau ina sa rai. Amma an ce mu yi tsaro, ba a ce mu yi lissafi ba, kuma bawan da aka yaba shi ne wanda maigida ya tarar yana kan aikinsa.

Na rufe Littafin ranar, na ce gobe zan je wurin Nomau. Ban je ba. Kunya ta hana ni, kuma kunyar dattijon ikkilisiya ta fi ta kowa tauri. Duk shekara in mangwaro ya nuna yakan aiko da kwando daga tsohon iccen, ni kuma in ce a raba wa maƙwabta, ko ɗaya ba na sa wa a baki. Muna haɗuwa a suna da biki, mu gaisa kamar surukai. Kullum ina cewa sai na shirya kalmomin da suka dace. Ina cikin shirin aka aiko cewa ciwon ciki ya kayar da shi, kafin amalanke ya kai shi likitar Tibiri rai ya yi halinsa. Na tsaya can baya ana yi masa salla, hannuna a harɗe, ban san inda zan sa idona ba.

Bayan sadakar bakwai matarsa ta aiko a kira ni. Ta ce, "Yaya, ga garkarka. Shi bai taɓa cewa tashi ta ba. Ko ɗiya sunka hau iccen nan sai shi ce su sauka, na Yaya na, ajiya ta." Shekara goma sha tara yana ban ruwa, yana kore awaki, yana gyaran darni, yana jiran in zo in ce tafiyar ba ta yiwu ba. Mutumin da na ce za a bari a wuta shi ya riƙe amana, ni mai jiran fyaucewa ko gafara ban iya nema ba. Ban san yadda Allah zai yi da Nomau ba, ba a ba ni wannan shari'ar ba, kuma na daina karɓar aikin da ba a ba ni ba. Abin da na sani shi ne ba zan ƙara ganinsa a duniyar nan in ce masa ya yafe mini ba. Kana da 'yan'uwa Musulmi, 'ya'yansa, da abokan da kuka yi lakwal tare. Ka gaya musu bisharar da ka gaskata, wannan hakkinsu ne a kanka. Amma ka faɗe ta kamar reshen da aka tsinto daga jeji, kada ka faɗe ta kamar mai rabon kujeru a sama.

Da garkar ta dawo hannuna na koya maka aska, kana ɗan shekara goma sha biyu, kuma hannunka ya fi nawa. Na yi zaton a kanka zan gyara abin da na ɓata. Sai ga waya ta kawo maka masu ƙyalle ɗari a madadin ɗaya, kowanne da sandarsa. Ba zan ɓoye maka ba, ɗana, ba ni da ƙarfin zuciya a kan wasiƙar nan. Na san yadda abin yake da zaƙi, na san ubanka bai ji maganar mata da ƙane ba, balle ɗa ya ji ta tsoho mai rawar hannu. Wataƙila ka ninke ta tun a Birnin Konni ka ce Baba ya yi sanyi a bangaskiya. Ni ma haka na ce da duk wanda ya ja mini kunne.

Kana iya tambaya me ya sa ban ba wani a gari ya aura rassan ba. 'Ya'yan Nomau za su yi mini in na roƙa, ko da hannunsu bai kai naka ba. Na yi tunanin in raba, uku gare ka, biyu a gida. Na fasa. Na ba ka duka biyar, ban rage ko ɗaya ba, don ina so ka san cewa in ka bar su suka bushe a jaka, babu wani a baya da zai rufa maka asiri. Wataƙila wannan ma wani kuskuren ne na tsufa. In haka ne, shi ne na ƙarshe da nake da abin yinsa.

An ce mini akwai garake da yawa a bakin gulbin Maraɗi. Gobe da safe, kafin ka san ɗakin karatu, ka nemi mai garka ka gaishe shi, ko Musulmi ne ko wane ne, ka roƙe shi 'yan mangwaro masu kaurin yatsa. Askar kakanka tana cikin tsumman, na wasa ta. Ka san sauran. Ka fiƙe reshen gefe biyu, ka tsaga gindin daidai, ɓawo ya haɗu da ɓawo, ka ɗaure da leda daga ƙasa zuwa sama, ka yi masa inuwa. Duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin ka cire shi. Bayan mako uku za ka san wanda ya kama.

Ba zan ci 'ya'yansa ba, wannan na sani. In Ubangiji ya zo kafin ya yi fure, ba ka yi asarar komai ba sai safiya ɗaya. In kuma ya jinkirta, kamar yadda ya jinkirta mini, wani yaro zai tsinci mangwaron kakanka a ƙasar da kakanka bai taɓa takawa ba, kuma ajiyar Nomau ba ta mutu a hannunmu ba.

In ya kama, ba sai ka rubuto dogon bayani ba. Ka kira Innarka ka ce mata ya yi toho, za ta gaya mini. In kuwa ba ka aura ba, kada ka faɗa mini, kada kuma ka yi mini ƙarya. Ka dai riƙa kira. Lamba ɗaya da ba ta shiga ta ishe gidan nan.

Allah na Ibrahim, wanda ya tsinto mu daga jeji, ya tsare fitarka da shigarka. Ya tsare ka daga sharrin hanya, da ciwo, da mugun aboki, ya kuma tsare ka daga halin ubanka. Ya dawo mana da kai lafiya, ko ina nan ko ba na nan. Amin.

Ka yayyafa wa tsumman ruwa in kun tsaya a hanya.

Ni ne ubanka,
Arzika